Tawul Ɗin da Kwamiti Ya Manta

Kabewa ce ta taka ni yau da safe a bakin tashar jirgin ƙasa. Ba kabewar miya ba, wata ƙatuwa ce mai idanu da ƙafafu, da ɗan Adam a cikinta yana fama da gumi. Na ce wayyo, ta rusuna mini har ta kusa kifewa. Sai wata yarinya mai lasifika ta sanar da ni cewa na yi sa'a, Kabewar Maraba ce ta taka ni, sabuwar jakadiyar Kwamitin Faranta Ran Baƙi na garinmu. Ina ɗingishi ina godiya. Shugaban Kwamitin, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, Allah ya ja zamaninsa, yana can kan dandamali da farar safar hannu, yana shelar cewa duk baƙon da ya zo zama a Japan, in dai ta garinmu ya biyo, a shirye zai shiga cikin jama'a.

To, ranka ya daɗe, ga labarin wani da kuka shirya.

Sunansa Davron, mutumin Uzbekistan ne, yana aiki a gidan kula da tsofaffi da ke ƙetaren kogi. Ya kama ɗakin saman bene a gidan Tsuruta-san, wata dattijuwa da ke ƙarshen layinmu. Na gwaji ta ba shi zuwa ƙarshen wata, in ta ga zamansa da maƙwabta ya yi, ya ci gaba. Shi kuwa ɗakin nan ne duk burinsa, don matarsa da 'yarsu ta goye suna can gida suna jiran ya ce su taho, kuma ba shi da wani wurin da zai sauke su.

Ba za a ce bai yi shiri ba. Mako guda cur ya yi a ajin Kwamiti. Sun koya masa naɗe takarda ta zama tsuntsu. Sun koya masa juya kwanon shayi kafin ya kurɓa, abin da ni da na tsufa a ƙasar nan sau ɗaya na taɓa yi, a gidan surukai, shi ma na zubar. Sun auna masa rusunawa da ma'auni kamar magina. Ranar ƙarshe suka sa masa kimono, rigarmu ta gargajiya, ya ɗauki hoto da Mai Girma.

Abu ɗaya ne ya shige musu duhu. Kowa a layinmu ya san in ka tare a sabon gida, kai ne za ka bi ƙofofin maƙwabta, na dama da na hagu da na tsallaken titi, ka ƙwanƙwasa, ka miƙa ɗan tawul ko sabulu a naɗe, ka ce ga ni na zo, a yi haƙuri da ni. Shi ke nan fa.

Layi ya zauna jira. Iwabuchi-san, tsohuwar da ke shugabantar ƙungiyar layinmu, wadda ko tsinke ba ya faɗuwa a titi ba ta sani ba, har zuwa kasuwa ta daina don kada ya zo bai same ta ba. Davron ya wuce ta da safe ya rusuna daidai ma'auni, ya dawo da yamma ya sake rusunawa, ƙofarta kuwa ko kallo. Mu kuma kun san halinmu. Ba ma faɗa wa mutum laifinsa, sai mu yi masa murmushi, mu shiga gida mu ji haushi cikin ladabi.

Ga kuma batun Lahadi. Duk Lahadi sai ya bar ƙofarsa a buɗe, ƙanshin naman rago da albasa ya cika layi har ya kama shanyar mutane.

A wurin ajiye shara Iwabuchi-san ta tare ni. Ta ce, "Nagase-san, kai da kake rubutu a jarida, wannan wane irin mutum ne? Bai gaida kowa ba, sai aiko mana da hayaƙi."

Na ce, "Ƙila kunya ce, Iwabuchi-san."

"Kunya? Mai kunya ne ke wangale ƙofa? Ni dai na faɗa, layin nan ba tashar mota ba ne."

Tsuruta-san tana gefe tana murza hannu. Ta ce a hankali, "Yaron ba shi da hayaniya, amma ni a layin nan zan mutu, ba zan ɓata da mutane ba. In wata ya ƙare zan ce masa ɗan ƙanena na son ɗakin." Duk mun san ba ta da ƙane, muka gyaɗa kai.

Abin bai yi mini daɗi ba, gaskiya. Da na faɗa wa matata Fumie, sai ta ce, "Baban yara, tashi ka je ka ce masa ya rufe ƙofar nan ko ya samu sassauci. Kai da ba ka da aiki sai zagin Kwamiti."

Lahadi da rana na hau benen, na leƙa. Ya shimfiɗa ƙaton zane a ƙasa, ya kewaye shi da matasai, ga farantai da kofuna a jere, ga zabibi, ga burodi, ga tukunyar shinkafa da karas da nama a tsakiya. Shi kuma yana zaune da farar riga a goge, ya zuba wa ƙofa ido. Yana ganina ya miƙe zumbur.

"Maƙwabci! Alhamdu lillahi, kun zo! Ina sauran? Suna tafe?"

"Su wa?"

"Mutanen layi mana. A garinmu in mutum ya tare, maƙwabta ne ke zuwa yi masa barka, kuma abin kunya ne su same shi ba abinci. Duk Lahadi nake dafawa. In ba wanda ya zo, sai in yi ta ci har Juma'a." Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. "Har na ce ko dai ba a so na ne."

"Haba Davron-san, ai kai muke jira ka zo!"

"Ni? Ai na tambaya a aji, na ce yaya zan yi da maƙwabta. Wani babba mai baje a ƙirji ya ce mutanen nan ba sa son a dame su, kada in kuskura in ƙwanƙwasa ƙofar kowa."

Jama'a, kun ji fa. Ni dai na jinjina wa wannan babba. Ba ƙaramin ilimi ba ne mutum ya samu layi guda yana jira, baƙo guda yana jira, ya shiga tsakani ya ce kowa ya ci gaba da jiran. Irin wannan sai wanda ya sha halartar taro.

Na sauko na kai wa Iwabuchi-san labari. Sai ta ce, "To, ya zo ya gaishe ni. Ai ba ni ce na tare ba." Fumie ba ta tsaya wata-wata ba, ta buɗe kabad ɗin da take tara tawul ɗin da ake ba mu tun aurenmu, waɗanda ba a yarda kowa ya goge fuska da su ba. Ta kwaso, ta naɗe su cikin gaggawa, ta kira Davron ta danƙa masa. "Ungo, fara da gidan tsohuwa. Kada ka tsaya auna rusunawar, ka dai yi."

Bai gama ƙwanƙwasawa ba Iwabuchi-san ta buɗe, ashe tana bayan ƙofa. Ya miƙa da hannu biyu, ya ce ga shi ya zo, a yi haƙuri da shi. A al'adarmu ba a buɗe kyauta a gaban mai ita, amma naɗin gaggawar Fumie ya warware da kansa. Sai ga tawul ɗin shagon awara na marigayi mijin Iwabuchi-san, da sunansa da shuɗin rubutu, irin wanda suka raba wa layi ranar buɗe shago, tun ina da baƙin gashi.

Fumie ta toshe baki. Ni kuwa na fara duba hanyar gudu. Tsohuwa ta daɗe tana shafa rubutun da ɗan yatsa. Ta ce, "Na ɗauka babu sauran ko ɗaya." Sannan ta ɗaga kai ta dube shi. "Wannan shinkafar taka da ta hana mu shanya, da sauran zafinta?"

Ta hau benen da sandarta, tana hawa tana hutawa, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba. Da layi ya ga ta hau, kowa ya tuna yana jin yunwa. Tsuruta-san ta ci ta ƙara, tana ta kallon ɗakin. Can ta nuna ƙofar ɗakin, irin tamu ta takarda, ta ce, "Davron-san, 'yar taka ta fara rarrafe?"

"Ta kusa."

"To, sai an canja takardar nan da mai kauri kafin su iso, yatsun yara ba sa ƙyale ta. A kuma sa shinge a bakin bene."

Ya dafe ƙirji da hannun dama ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Ni ma sai da na yi kamar yaji ne ya shiga mini ido.

Yanzu wata rigimar ce ta taso. Iwabuchi-san ta tafi da ragowar shinkafa a farantinsa. Mu ba ma mayar da faranti wayam, don haka ta mayar, ta haɗa da nata kwanon cike da kabejin da ta jiƙa a gishiri. Ashe su ma can haka suke, ya mayar da kwanon, ya haɗa da wani farantin nasa da burodi mai zafi. Ta aika dafaffen wake, ya aiko da miya. Kwanuka sun cakuɗe, ba wanda ya san nasa, kuma ba mai niyyar sarewa.

Na ji an ce Kwamiti zai tura tawaga Turai don nazarin zaman maƙwabtaka. Ranka ya daɗe, in kun dawo ku biyo ta layinmu ku raba mana wannan faɗan. Amma kada ku yi gaggawa, na san dama ba halinku ba ne. Ni ake aika da kwanon, kuma ina ɗan taɓawa a hanya.