Ranar da na wanke jirgin Baba Istifanus

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Birmingham ba, kuma tun kafin in yi nisa bari in sauƙaƙa muku: ni ne mai laifi. Ba wanda ya zalunce ni, ba wanda ya yi mini mummunar fahimta. Da hannuna na yi ɓarnar, da bakina kuma na ƙara mata gishiri.

Aikina wanke bas ne a wani gareji a Manchester. Motocin da ke jigilar ɗalibai tsakanin Fallowfield da Oxford Road, in sun gama yawonsu wurinmu suke dawowa, cingam a ƙarƙashin kujera, maiƙon gashi a jikin gilashi. Ban yi karatu mai nisa ba, amma in dai wanki ne ba na jin akwai mai nuna mini yatsa. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya kai ni ya baro ni.

Harkar ƙananan jiragen ƙasa kuwa tsintar ta na yi. Wani tsohon Bature maƙwabcinmu a Hulme, da zai koma gidan kula da tsofaffi, ya miƙo mini wani kwali. Na buɗe na ga layin dogo guntu-guntu, da taragai, da kan jirgi ɗaya wanda bai fi tsawon tafin hannu ba, mai aiki da lantarki. Na ce wa matata ai Ummi na karɓar wa (Ummi 'yarmu ce, kuma har yau ba ta leƙa kwalin ba). Gaskiyar magana ni ɗan Funtuwa ne, a bakin layin dogo na tashi, mun sha yin jirgin kara muna jan sa da zare. Ina ganin kayan nan yaron da ke cikina ya farka. Na share kusurwar falo, na kafa faifan katako, na shimfiɗa layi.

Jirgin ya ƙi tafiya yadda ya kamata. Da na rasa yadda zan yi sai na shiga wani guruf na masu wannan harka a intanet. Mutanen kirki ne, yawancinsu dattawa. A saman shafin an rubuta cewa babu tambayar banza, kowa ya tambayi abin da ya shige masa duhu. Ni dai ban taɓa tambaya ba. Turancin baki na iya, na gareji, amma in na rubuta sai in ga kamar duk Ingila za ta taru ta yi mini dariya. Sai na zama ɗan kallo. In ga hoto in wuce, in ga dogon bayani in tsallake.

Wata rana ina cikin wucewar nan sai na ga hoton wata 'yar tasha da wani ya gina, wadda ba ta yi kama da ta kowa ba. Jar ƙasa, bishiyar mangwaro, rufin kwano, ga 'yan mata ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa ɗauke da faranti a ka. A jikin allon tashar an rubuta Kafanchan. Na aika wa mai ita saƙo a keɓe, kalma uku kawai: "Sannu da aiki." Ba a jima ba amsa ta zo: "Kai, ɗan ina ne?"

Haka na san Baba Istifanus, tsohon nas da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Small Heath a Birmingham da matarsa. Duk Lahadi in ya dawo daga coci sai ya kira ni ta bidiyo, in nuna masa faifaina, ya yi ta koya mini. Shi ya nuna mini yadda ake haɗa waya a ƙarƙashin katako, shi ya hana ni manna layi da gam ɗin takalmi. Na lura in ya ɗaga kofin shayi hannunsa na rawa. Duk bayanin da ya yi, ko na fahimta ko ban fahimta ba, amsata ɗaya ce. Har ya laƙaba mini suna.

"Malam Na-gane," in ji shi, "me na ce yanzu?"

"Ka ce a haɗa ja da ja."

"Wannan tun makon jiya na faɗa. Ɗana, matambayi ba ya ɓata."

"Na gane, Baba."

Sai ya yi dariya har ya ajiye wayar, in yi ta kallon silin ɗinsa.

Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce, duk lokacin da jirgina ya zo inda layi ya rabu biyu sai ya tsaya cak. Baba ya ce ba za a san ko jirgin ne ko layin ba sai an gwada da wani. "Zan aiko maka da nawa, wanda ba ya ba ni matsala. In shi ma ya tsaya, layinka ne. Ka riƙa goge masa ƙafafu da sifirit. Amma ka dawo mini da shi ranar baje kolinmu, domin shi zai ja taragai a Kafanchan." Guruf ɗin ne suka shirya haɗuwa a zauren wata coci kusa da gidansa, kowa ya kawo abin da ya gina.

Da saƙon ya iso na buɗe, sai tausayi ya kama ni. Kan jirgi ne irin na da, mai hayaƙi, amma ya yi baƙi ƙirin. Tsatsa a gefe, wani farin dabbare ya gangaro daga saman tukunyar, fentin matakala ya goge. Na ce a raina, Allah sarki tsufa. Hannu na rawa, ido ya yi rauni, bawan Allah ya kasa tsaftace kayansa.

Gwajin ya yi amfani, layina ne ya karkace, na gyara. Saura mayar da aro. Mu kuwa a gidanmu ba a mayar da kayan aro da datti, ba a kuma mayar da kwano babu komai a ciki. Uwata ko turmi ta aro sai ta wanke ta shanya kafin ta aike mu da shi. Na ce wannan dattijo da ya yi mini komai, yau zan saka masa da sana'ata.

Na zauna da sifirit da audugar goge kunne da tsohon buroshin haƙori. Dattin ya yi taurin kai (wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata), amma ni na saba da cingam ɗin ɗalibai. Maman Ummi ta wuce ta gan ni.

"Baban Ummi, mai shi ya ce ka wanke?"

"Sai an ce? Alheri ai ba a neman izininsa."

"To. Ni dai cincin zan soya masa."

Da na gama, jirgin nan yana ƙyalli kamar motar amarya. Na naɗe shi a sabon hankici.

Ranar Asabar na sa shaddata, na hau bas zuwa Birmingham. Zauren ya cika da tebura, jirage na ta zagaye, ga mutanen da na sani da sunayen intanet yau sun zama masu gemu da sanda. Ina zagayawa sai na lura da wani abu: jirgin kowa da datti. Wannan tsatsa, wancan baƙin hayaƙi. Wallahi abin da ya zo mini shi ne, ashe ƙazantar ta kowa ce. Har na fara tunanin ko in riƙa karɓar wanki a ƙarshen mako.

Baba ya hango ni ya taso ya rungume ni, karon farko ke nan da muka haɗu ido da ido. Ya kira wani dogon Bature mai suna Trevor, wanda ke kula da guruf ɗin, da wasu mutum uku ko huɗu, ya ce su zo su ga ɗansa na Manchester. Na miƙa cincin. Sannan na ɗora hankicin a tebur, na buɗe shi a hankali yadda kowa zai gani.

"Baba, ga jirginka. Na ɗan rage maka aiki."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne, sai na ƙara da Turanci domin sauran su amfana, na ce wanki sana'ata ce, duk mai buƙata ya yi magana.

Trevor ya cire tabarau ya ce, "Oh dear." Wannan kalma a bakin Bature, na daɗe a ƙasar nan, na san daidai take da salati.

Baba ya ɗauki jirgin da hannu biyu. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya sa babban yatsa ya shafa matakalar.

"Ka sha aiki," ya ce.

"Ai ba komai, Baba."

"Babana shi ke zuba wa irin wannan jirgi kwal. Nan yake taka ƙafa in zai hau, shi ya sa fentin wurin ya goge. Farin nan da ka cire, inda ruwa ke tsiyaya ne. Ba ni da hotonsa. Daga ka na zana, kafin hannun nan ya fara rawa."

Sai a lokacin na fahimta. Dattin fenti ne. Da gangan ake yin sa, da buroshi mai gashi kamar gira, domin jirgi ya yi kama da wanda ya sha hanya. Akwai sashe guda a guruf ɗin da ba a maganar komai sai wannan, yana cikin dogayen bayanan da nake tsallakewa. Na yi gyaran gangar Auzinawa a gaban jama'a, har da talla.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Mutumin kirki durƙusawa zai yi. Ni kuwa da kunya ta shaƙe ni, abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ai da ka gaya mini."

Baba ya dube ni. Ya ɗora jirgin a kan layi ya kunna, ya shiga zagaya jar ƙasar Kafanchan yana walƙiya kamar baƙo a gidan makoki. Wani mai kallo da bai san hawa ba bai san sauka ba ya tsaya ya yaba tashar, sannan ya ba Baba shawara cewa jirgin ya cika sabunta, ya kamata ya koyi yadda ake tsofar da shi, akwai bidiyo da yawa a intanet. Baba ya ce ya gode, zai duba. Ni kuwa na ce zan zaga bayi, daga nan ban tsaya ba sai tashar bas. Kafin mu bar gari na fice daga guruf ɗin.

A gida na ba Maman Ummi labari yadda zai yi mini daɗi. Ta saurara har na gama.

"Ka ga tandar wainata?" ta ce. "Baƙa wuluk ko? Ranar da ka kankare ta, ranar za ka koma Funtuwa."

"Ai ban sani ba ne."

"Rashin sani ba laifi ba ne. Ka tambaya?"

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ya kira, ban ɗauka ba. Jirgina yana wuce mararrabar layi sumul, amma na daina jin daɗin kallonsa. A gareji ma na fara tsayawa ina duba abin da a da nake gogewa ba tunani: inda hannuwan mutane suka cinye fentin ƙarfen riƙewa, inda kujerar bakin ƙofa ta lotsa saboda tsofaffi sun fi zama a kai. Shekara da shekaru ina ganin waɗannan a matsayin aibi. Ban taɓa kawowa cewa shaidar mutane ba ce.

Trevor ne ya nemo ni. Ya rubuto cewa kada in damu da abin da ya faru, shi ma ya taɓa narkar da tarago da na'urar busar da gashi, kuma rabin guruf ɗin suna da irin nasu labarin. Sannan ya ce Baba ma ya daina leƙowa, wai yana cewa shi ya kori yaron da maganarsa. Wannan ce ta karya ni. Ni na goge masa sawun mahaifinsa, shi kuma yana can yana neman laifin kansa.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne: ba duk abin da ya yi baƙi ne ke jiran sabuluna ba, kuma "na gane" ta fi "ban gane ba" jawo abin kunya. Na koma guruf, na rubuta tambayata ta farko a bainar jama'a da karyayyen Turancina, na ce wane buroshi ake saye in ana son sa wa jirgi tsatsa. Amsoshi suka yi ta zuwa, ba wanda ya gyara mini rubutu.

Lahadin da ta biyo na sake hawa bas zuwa Small Heath. Matarsa ce ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai wankin?"

"Ni ne, Mama."

"Shigo. In ka gama da shi akwai kwanuka a kicin."

Baba yana zaune a falo, jirgin na kan tebur a gabansa, har yanzu yana ƙyalli. Na cire hula, na durƙusa, na ajiye buroshin da 'yan kwalaben fenti kusa da ƙafarsa.

"Baba," na ce, "ban gane ba, kuma tun farko rabin abin da kake faɗa ba na ganewa. Na ɓata maka abin da ba nawa ba, na ɗora maka laifi a gaban mutane, na gudu ba sallama. Ka yafe mini. Ba zan iya dawo da na da ba. Amma ga hannuwana, ba sa rawa. Ka gaya musu inda Babanka yake taka ƙafa."