Ranar da na ce wa Kawu ya danna ɗaya

Ko na so, ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da Sha'aibu, ɗan ƙanen babanmu, ya tsaya da moto, wato babur, a bakin mangazarmu ta ajiyar kaya a Sabon Gida. Ina tsaye kan buhunan albasa ina yi wa masu lodi faɗa. Bai ko kashe moton ba, ya ce, "Yaya Idi ya rasu tun hantsi. An riga an kai shi."

Na ce, "An kai shi ina?" (Tambayar da na yi ke nan, ni da furfura a gemu.) Da maganar ta shige ni, abin da ya fara zo mini ba kuka ba ne, fushi ne. Na ce, "Duk gari babu wanda zai ɗauki waya ya kira ni?"

Sha'aibu ya dube ni ya ce, "An kira ka. Kuma ka amsa."

Yaya Idi shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya fara ɗora ni kan kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa. Ya zauna ƙauyenmu kusa da Babankatami yana noman hatsi, ni na koma Madawa. Allah ya buɗa harka: buro, wato ofis, a Madawa, mangaza a Sabon Gida, wata ta wake a Buza. Wayata ba ta hutawa, ko ina cin tuwo. Wata rana na kira wani kamfani a Yamai, sai na ji murya mai daɗi tana cewa in danna kaza in danna kaza. Tun daga ranar nan na ji ni ma na isa.

Na ɗauko wani teknisiyan daga Tawa, Alio, mutum mai haƙuri. Ya zana mini tsarin a takarda: ƙaramin akwati a buro, wayoyin tebur da ke tafiya kan intanet, kowane wuri da gajerar lambarsa, batir da farantin hasken rana saboda ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ya ce akwatin yana buƙatar sim da mutanen waje za su riƙa kira, a sayi sabo. Na ce a'a, a sa nawa, tsohon, shi kowa ya sani. Na sayi sabon na sa a aljihu, na ba direbobi da manyan masu saye lambar. Dangi kuwa na ce sai na je gida zan ba su.

Alio ya ce, "Alhaji, in mutum ya kira bai danna komi ba, ina kiran za shi tahi? Mu mai da shi ga wayar aljihunka."

Na ce babban kamfani ba ya ƙara a aljihu. Ya sake tambaya washegari, ya sake ranar da zai tafi. Na uku har na ce masa ni na ɗauko shi, ba shi ya ɗauko ni ba. Ya ce to, zai sa saƙon ya riƙa ajiyuwa a akwatin, ya nuna mini yadda ake saurara. Ina kallon hannunsa, ina tunanin kamiyo. Muryar ma na hana a sa ta kowa, tawa na ɗauka, sau tara, har sai da ta fito da fara'a.

Na isa ƙauye bayan magariba, na tarar da ƙasa sabuwa. Kwana biyu ina zaune kan tabarma, ana shigowa ana yi wa kowa ta'aziyya, ni ana miƙo mini hannu ba a dubana. Ina ta tafasa a ciki. Ni fa aka hana sallar ɗan'uwana, kuma ni ake yi wa kallon mai laifi.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, Kawu Nomau, ƙanen innarmu, ya gyara murya. Mutum ne da bai taɓa katse wa kowa magana ba, ko yaro.

"Jama'a, ina son ku ji abin da ɗana ya yi mini," in ji shi. "Wurinmu babu rezon waya sai bisa dutsi. Na hau, da gwiwar nan tawa. Na kira lambar da ni sani. Ya yi mini sallama, shina murna awa ranar suna. Na amsa. Na tambai lahiya tai, na tambai iyali. Na ce, Idi ba shi jin daɗi, ka taho. Ya ce in albasa nike so in danna ɗaya."

Na ce, "Kawu, ba ni ba ne, na'ura ce."

"Muryar wa?"

"Tawa ce, amma..."

"To. Na koma hawa bayan da anka ruhe mai ido. Na ce Idi ya cika. Ya ce in wake ne in danna biyu. Na ce ɗana, mutuwa nike hwaɗa maka. Ya ce in direba ne ni in danna ukku. Shekara saba'in, ban taɓa tuƙa ko amalanke ba."

Wani daga baya ya ce wannan magana ba ta yiwuwa. Da ma ya yi shiru. Kawu ya miƙa wa Sha'aibu wayar ya ce a kira. Kuma rezon nan, da ba ya sauka daga dutse sai ya ga dama, ranar ya sauko har tsakiyar tabarmi. Muryata ta tashi cikin zaman makoki, tas, da fara'arta ta ɗauka ta tara: "Salamu alaikum, barka da zuwa, mun ji daɗin kiranku."

Dattawa biyu suka amsa sallamar. Liman ya sunkuyar da kai yana duba carbinsa, kafaɗunsa suna motsi. Ni ina zaune a gabansu, bakina a rufe, ina kuma tallar albasa. Babu wanda ya kashe ta har ta kai ga direbobi.

Na ji haushin Kawu, kuma har yau ina ganin zai iya jana gefe. Na ji haushin masu cewa birni ya canja ni. Na fita bayan gida na kira Alio don in sauke masa, ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, sau nawa ni tambaye ka?" Na kashe wayar, don na san lissafin.

Da zan tafi na shiga yi wa matar Yaya sallama. Ba ta yi mini gori ba. Ta ce daren... a'a, da safen ne, kafin Kawu ya hau dutse, Yaya ya sa an fitar da shi ƙofar gida, aka kira lambata, aka yi sa'a kiran ya shiga, aka kara masa a kunne. Ta ce ya saurara, ya yi murmushi, ya ce, "Shina cikin aiki." Sannan ya yi magana mai ɗan tsawo, ba ta ji duka ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka tsara wa harkarka waya, kafin ka raba wa albasa da wake lambobi, fara tambayar inda kiran tsoho zai faɗa, wanda ba zai danna komai ba don yana jiran ka gama magana. Yanzu duk wanda ya yi shiru, aljihuna ne ke ƙara. An cire muryar tawa kuma. Ni ma na gaji da ita.

Alio ya duba akwatin ya ce akwai saƙo biyar na ranar. Huɗu na Kawu ne. Ɗayan da ya rage, na farkon, na safe, ya kai minti biyu. Ya rubuta mini a takarda abin da zan danna, ya fita ya ja ƙofar buro. Takardar tana nan ƙarƙashin wayar. Har yau ban saurara ba.