Akwatin da Ba Ya Pe-pe-pe

Ɗan ƙanwata Sabi'u ya tozarta ni a gaban mutum tara, kuma ba zan taɓa mantawa ba ko da shi ya manta. (Na ƙidaya su, har da direban da ya leƙo ta taga.)

Kamfanin hatsi muke wa aiki, sito ɗaya a Bagudo, ɗaya a tsallaken iyaka cikin Benin. Akwai layi na haya da ya haɗa kwamfutocin wuraren biyu, kowane gefe da akwatinsa mai 'yan fitilu. Ta nan takardun lodi ke wucewa. Sabi'u ne injiniya. Ni kuwa na daɗe ina gadin get kafin ya roƙi Alhaji, mai kamfanin, a maido ni ɗakin akwatin, inda akwai sanyi da kujera. Duk abin da ya koya mini shi ne: kashe, ƙidaya goma, kunna. A gari kuwa ana ce mini Injiniya Babba, kuma ban taɓa hana kowa ba.

Da damina tsawa ta ƙone akwatin Benin. Sabi'u yana Birnin Kebbi wajen biki, wayarsa a kashe. Ma'aikacin can ya sa sabon akwati, ya kira ofis, aka miƙa mini waya saboda ina jin yarensu, Dendi. Muka gaisa lafiya lau. Sai ya tambaye ni, namu akwatin pe-pe-pe yake yi ko ash-de-el-se?

Na biyun ban ma kama shi ba, na zaci atishawa ce ta kufce masa. Na farkon kuwa na gane shi sarai. Na ce ya dakata. Na durƙusa, na cire hula, na manna kunne a jikin akwatin kusan minti biyu, sakatare na tsaye yana kallona da girmamawa. Na miƙe na shaida wa mutumin namu ba ya pe-pe-pe, shiru yake, sai ɗan huci. Ya ce na tabbata? Na ce kullum tare muke yini, ban taɓa jin ya yi ba.

Sai ya saita nasa a kan na biyun. Fitila ta kama, amma ko harafi ɗaya bai wuce ba. Kwana uku motoci na tsaye, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Ni kuma ina ta kashewa ina kunnawa har yatsana ya yi tsami.

Sabi'u ya dawo, ya kira mutumin, suka gyara kafin shayi ya huce. Da a nan ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma sakatare ya riga ya ba shi labarin kunnena, Alhaji kuma ya kira mu ofis ya tambayi abin da ya faru, Sabi'u ko ya ga taro.

Ya ce haruffa ne, PPP da HDLC, mutumin da Faransanci ya karanto su. Wai yare biyu ne da akwatuna ke magana da su a layi mai nisa, kuma dole gefe biyu su yi iri ɗaya. HDLC ba sallama ba tambaya, turawa kawai yake, kuma na wannan maƙera ba lallai ya ji na waccan ba. PPP kuwa sai ya gaisa, a daidaita, in an so ya tambayi kai wane ne, shi ya sa namu ke kansa tun farko. Ya ambaci wani na uku, firem wani abu, wai an daina yayinsa. (Har yau ban sani ba, yaren nan a cikin layin yake ko a cikin akwatin.)

Sannan ya durƙusa, ya cire hula, ya manna kunne a jikin firijin Alhaji.

"Kawu, zo ka ji. Wanga fa, yana pe-pe-pe?"

Alhaji ya yi dariya har sai da ya nemi ruwa. Washegari aka maida ni get.

Na dai koyi abu guda: in aka ba ka zaɓi biyu ka gane ɗaya kaɗai, to shi ma ɗin ba ka gane shi ba.

Ranar da yamma Sabi'u ya zo fita da mota, ya yi hon. Na bar get a rufe, na tako har tagarsa.

"Sabi'u, jahilcin nawa ne, ban musa ba. Amma kullum in ka shigo ɗakin nan juya mini baya kake kana danne-dannenka. Harafi uku ne. Da ka faɗa mini su sau ɗaya, mi za ka rasa? Sauko ka buɗe da kanka."