Rasuwar Ƙotar Askar Yari Wanzami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, ni Yari Wanzami na Nahuce ina sanar da 'yan'uwa wanzamai na Bunguɗu da Tsafe da Gusau rasuwar ƙotar askata, wadda ta cika ranar Lahadi da hantsi, cikin wannan shekara ta 1974.

Marigayiya ta zo duniya a hannun mahaifina Labbo. Wani soja da ya dawo daga yaƙin Bama ya ba shi ruwan aska duk tsatsa, ba ƙota. Baba ya goge shi da toka da man shanu, ya yanko ƙahon bajimi, ya gasa shi a garwashi, ya danne da dutse kwana uku, ya sassaƙa, ya kafa ƙusar tagulla. Shekara kusan talatin tana aiki, ba ta taɓa suɓucewa ta yanki kan ɗan mutum ba. Ba ta da surutu. In an buɗe ta ce ƙyas, in an rufe ta ce ƙyas, shi ke nan maganarta.

Jinyarta ba ta kai dahuwar shayi ba. Ɗana Ma'u, mai aikin kamfani a Gusau, an yi mashi haihuwa ranar Alhamis. Ya zo gida da kwalin reza, wai da ita za a yi wa jaririn askin suna, wai askata tana ɗauke da cuta. Na ce a'a. Sai ya faki idona ya jefa ta cikin tafasasshen ruwa, wai haka malaman tsafta suka ce a yi. Haba Ma'u! Wa ke dafa ƙaho? Ta lanƙwashe, ta tsage tun daga ƙusa har wutsiya, ta cika a cikin tukunyar Hadiza, uwarshi.

Ta rasu ta bar mijinta ruwan aska, da kaifinsa lafiya lau, da dutsen wasi, da ƙahonin tsaga huɗu, da tsohuwar zabira wadda har yanzu ba ta san abin da ya faru ba.

Masu zuwa suna ce mani in yi haƙuri zamani ya canza, su riƙe haƙurinsu. Na ji ciwo, wallahi na ji, domin zanen yatsan Baba yana jikinta. Amma kowane ɗa na gidan nan da wannan ruwan aska aka sauke mashi gashin haihuwa, kuma jikana ba zai zama na farkon da za a kankare da reza kamar fensir ba. Namiji ba ya takaba. Jibo na rugar Wonaka ya aiko mani da ƙaho, yana ƙarƙashin dutse tun jiya. Ƙarfen kuwa zan dafa shi shi kaɗai a gaban Ma'u, sannan in kafa ƙota, ya ga yadda ake yi.

Za a binne marigayiya ranar Laraba bayan la'asar a gindin itacen bedin ƙofar gida, cikin tsumman zabira. Ma'u ne zai haƙa ramin. Ba zaman makoki, ina sassaƙa. Za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis da safe wajen suna, kuma mai zuwa ya bar rezarsa a gida. Bayan an gama aske jaririn, uban yaron zai cire hula ya zauna a gabana.