Kawu Na-Sani da Kwalbar Man Zaitun

"Ni za a koya wa mai? Ni da na ci mai tun kafin a haifi uban likitar nan!"

Kawuna ke nan, wanda duk gida ke kira Na-Sani, domin ba ka kai rabin magana sai ya sare ka da "Na sani!" An auna jininsa a asibiti, aka ce maiƙo ya yi masa yawa. Likita ta fara bayani: ya rage man da ke daskarewa irin su kitse, ya koma man zaitun da kifi. Tana cikin magana ya ce ya sani, ya suri hularsa.

A gida matarsa, Inna, ta kafa masa doka.

"Maigida, in aka sake awo jinin bai gyaru ba, kaskon suyar nan naka ya bar gidan nan."

Ka san Kawu da kaskonsa? Ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba.

"Ki zuba ido, za ki ga aikin ilimi," in ji shi.

Washegari na tarar da shi kwance a falo, riga a naɗe, tumbi sai ƙyalli yake kamar sabuwar randa. Kwalbar man zaitun na gefensa.

"Kawu, me kake yi haka?"

"Magani. Likita ta ce man zaitun. Ina ciwon yake? A ciki. To ga shi ina shafawa a ciki."

"Ai ba man shafawa take nufi ba, na..."

"Na sani! Ku 'yan jami'a sai surutu."

Da rana na ji ƙauri daga kicin. Kawu ya jefa kitse tuli guda a kasko, ya narke, kifi na iyo a ciki.

"Kawu, kitse fa ta hana!"

Ya nuna kaskon da cokali. "Mai daskarewa ta hana. Dubi wannan da kyau. Daskararre ka gani?"

"Ai in ya huce..."

"Wa zai bar shi ya huce? Da zafinsa nake ci. Dabara, yaro!"

Haka aka yi ta tafiya. Zanin gado ya zama taswira saboda tabon mai. Tururuwa suka yi layi zuwa ɗakinsa kamar ana rabon kyauta. Kyanwar maƙwabta, wadda da ko kallonsa ba ta yi, ta dawo tana lasar masa cibiya in ya yi barcin rana. Shi kuwa cewa yake, "Kun gani? Har dabba ta san lafiyayye." Wandonsa ya ƙi rufuwa, ya ce tela ne macuci.

Ranar awo muka raka shi, ni da Inna. Ya ƙara shafa na musamman, wai don likita ta ga ƙoƙari. Ya tuɓe riga, ya haye gadon awo mai shimfiɗar leda, sai ji muka yi suuu, tim! Kawu a ƙasa.

"Sauka na yi," in ji shi.

Likita ta ɗora abin sauraron ƙirji, abin ya zame. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ta shinshina yatsunta, ta dubi sakamakon jini, ta dube shi.

"Baba, maiƙon jininka ƙaruwa ma ya yi. Amma gaskiya, tun da nake aiki ban ga tumbi mai laushin fata kamar naka ba."

Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Kafin la'asar kasko ya koma gidan ƙanwarta. Aka ajiye wa Kawu dafaffen kifi da ganye. Ya zauna yana harararsu kamar sun zage shi. Inna ta ɗauko kwalbar tasa, ta tsiyaya ɗan kaɗan a cokali. Kawu ya saki ajiyar zuciya, ya fara naɗe riga.

"Sauke rigar, Maigida," in ji ta. "Ta baki ake bi."

Ya buɗe baki zai ce "Na sani," ta zura masa cokalin.