Tap da Dayis na Turai

Ya'u bakanike ne ya ɗaure tayar motar Turai da guduma. Notin taya ya ƙi shiga don haƙoransa sun cinye, shi kuwa maimakon ya gyara, sai ya lalubo wani noti a cikin tarkace, ya naɗa masa leda, ya doke shi har ya zauna, ya ce a je Allah ya kiyaye hanya. A hanyar Runka, daidai wurin da ko mai babur ba ya yarda ya tsaya, tayar baya ta fara rawa. Kamalu, ɗan Turai, shi ke jan a-kori-kurar. Haka ya lallaɓo ta da buhunan gero da mata a baya suna salati, har Allah ya shigo da su gari.

Ba wanda ya ce uffan a tasha, don Ya'u ne babba a garejin, kowane direba a hannunsa yake. Amma Turai taubashiyarsa ce, ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Duk abin da ta ga dama tana iya faɗa masa a bainar jama'a, kuma al'ada ba ta ba shi izinin fushi ba. Gobe motar za ta sake bin hanyar nan. Shi ya sa ranar kasuwar Batsari ta aika aka kira shi rumfar Salmanu mai kayan ƙarfe.

"...lafiya lau, ya gida, ya gajiya?" in ji Ya'u, yana goge baƙin mai a jikin rigarsa.

"Gajiya tana wurin waɗanda suka yi aiki. Kai mi ka yi? Sannu da zuwa, sarkin guduma."

"Ke Turai, ko gaisuwa ba ki bari a ƙare? Ya Kamalu?"

"Yana raye, ba don ƙoƙarinka ba. Matso, bawa, riƙe mani jaka."

"Wa ne bawan?"

"Ɗan mace mana. Daga gidanmu aka ɗauki uwarka. Da kai da sifanoninka da wannan tumbin duk kayan gidanmu ne."

"Gidan naku da in an yi tuwo sai an sa mai gadi? Ai ceto aka yi da aka ɗauke ta. To mi kika kira ni in yi? Na bar mota a kan jak."

"Allah ya ji ƙan mai ita. Tap da dayis zan saya."

Ya'u ya bushe da dariya har ya dafa tirken rumfa. "Jama'a ku zo ku ji! Kin san ko mi ne ne, ko kin zaci injin murza taliya ne?"

"Tap shi ke shiga rami ya yanka haƙora a ciki. Dayis shi ke hawa kan ƙarfe ya yanka su a waje. In na yi kuskure ka gyara mani, in ka sani."

"Ni tun kina yawo da majina nake kwance inji, ban taɓa neman wannan ba. Hannuna shi ne tap."

"Hannun naka ne ya kusa shimfiɗa mani tabarmar makoki. Salmanu, fito da abin da kake da shi."

Salmanu ya fara ajiye wani jan akwati mai faɗi. Da ya buɗe, ƙarafa suka jeru reras suna walƙiya. Idon Ya'u ya kawo haske.

"Shi ke nan, an gama. Wannan za ki ɗauka. Dubi yawa, kamar kayan lefe! Kuma ya fi araha."

"Haka ka zaɓi tayoyin da ka sa wa Alhajin Zakka, da walƙiya. Har yau a ƙasa yake zuwa masallaci." Ta juya. "Salmanu, tsakaninka da Allah, wannan zai ci ƙarfen taya, wanda noti ke hawa kansa?"

Salmanu ya sosa ƙeya. "Hajiya, in murfin injin babur ne ko wani abu mai taushi, zai yi. Ƙarfen taya kam, ƙila shi ne zai cinye shi."

"Ka ji. Ɗan'uwanka ne, Ya'u. Ga girman jiki, ga surutu, in an zo aiki ya narke. Salmanu, ɗauke."

Na biyun a cikin akwatin katako yake, tsoho, gefensa ya sha hannu har ya yi sulɓi. Ya'u ya karɓe shi da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri.

"To yanzu aka zo wurin. Ƙarfen da ke nan, na zamanin manyan motocin gyaɗa. Wannan ko dutsen Ruma kika ɗora masa sai ya fito da haƙora. Ke ba ki san darajarsa ba, lokacin kina goye."

"Ɗazu ina yawo da majina, yanzu ina goye. Nan gaba kaɗan za ka ce ba a haife ni ba."

Ta kwance gefen mayafinta, ta fito da ƙarfen taya ɗaya da notinsa, masu tsabta.

"Ina kika samo wannan?"

"Na sa Kamalu ya ciro mani daga tayar gaba, wadda Allah ya tsare ta daga hannunka. Lafiyayye ne. Duk abin da bai hau kansa ba, ba na motata ba ne. Gwada."

Ya'u ya zaɓi dayis ɗin da ya yi kama da shi, ya ɗora, ya murza. Ya ɗan shiga, ya cije. Ya ƙara ƙarfi, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ai ya kama! Kaɗan ya rage. In aka ɗan taɓa shi da..."

"Da mi?"

Ya'u ya kawar da kai gefe.

"Da mi, Ya'u? Faɗa, jama'a na saurare."

"Da... mai."

"Ƙarya kake, guduma za ka ce! Wallahi na ga bakinka ya haɗa ta!"

Masu rumfunan kusa suka kwashe da dariya, har mai sayar da igiya ya bar cinikinsa ya leƙo. Turai ta fizge ƙarfenta tun bai lalata shi ba, ta ɗaga dayis ɗin ta karanta abin da aka buga a jikinsa.

"Awon inci ne wannan. Motata da milimita aka yi ta. Kusa da juna suke, amma ba ɗaya ba ne, kamar ni da kai."

"To 'yar boko. Sakandaren da kika yi ce yau za ki huce a kaina?"

"Kai da aka kai ka makaranta ta taga ka fita, har yau malamin yana nemanka."

Salmanu ya jawo na ukun daga ƙarƙashin tebur. Ɗan gwangwani ne, ƙarafan ciki ba su da yawa, ba su da ƙyalli, kuma ya fi sauran tsada.

"Wannan abin tausayin?" in ji Ya'u. "Ko tandun kwalli ba zai cika ba."

Turai ba ta kula shi ba. Ta ɗauki dayis na farko a ciki ta gwada, girman ya yi daidai amma haƙoransa wara-wara ne, ya ƙi. Ta ɗauki na kusa da shi mai ƙananan haƙora a matse, ta ɗora, ta murza da yatsa biyu. Ya gangara har ƙasa ba ko ƙara. Ta zura tap ɗinsa a cikin notin, shi ma ya wuce sumul.

"Ka ga yadda abu ke shiga in nasa ne? Ba zufa, ba nishi, ba leda. Salmanu, ƙunshe mani."

"To madalla," in ji Ya'u, yana miƙo hannu. "Kawo in ajiye maki a gareji. Mace mi za ta yi da shi, ta yanka kuɓewa?"

"Garejinka? Wurin da jak ɗina ya shiga bara ya zama ɗan gida? A ɗakina zai kwana. Ranar aiki in kawo shi da kaina, in zauna a benci in sa maka ido, in koma da abina."

"A gaban yarana za ki zauna kina duba ni? Ki bar mani girmana mana."

Turai ta sauke murya, ta yadda masu leƙe ba za su ji ba. "Ya'u, Kamalu kaɗai gare ni. Ka san hanyar nan, ka san waɗanda ke cikin dajin. Da tayar nan ta fita, da wa za ka je ka nuna wa girman?"

Ya'u ya dubi ƙasa. Ya ɗauki lafiyayyen notin ya jujjuya shi a tafin hannu. Can sai ya girgiza kai ya yi dariya.

"Allah ya haɗa ni da masifa tun a zanen goyo. Na sallama, uwargijiyata. Salmanu, haɗa mata da sababbin ƙarafan taya da notinsu, a kaina. Waɗanda suka cinye gaba ɗaya ba a gyara su, canzawa ake yi. Sauran mu bi su da wannan abin nata."

"Ashe ka sani!"

"Na sani mana. Tap ne ba ni da shi."

"To yanzu akwai. Ɗauki jakar mu tafi, yau za ka yi shi ina kallo, taya huɗu duka. Kuma gobe ka zo da hularka, da kai za a je Runka. Ba gaba za ka zauna ba. A baya, bisa buhu, daidai kan tayar da ka ɗaure."