Lasisin Alhaji Orijinal

Duk unguwar Dala ta Borno babu mai kunne irin na Injiniya Ba'ana. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa zai fi shi sani? Shi ke haɗa sauti a bukukuwa, amma kada ka kuskura ka kira shi mai lasifika. Samarin unguwa sun raɗa masa Alhaji Orijinal, ya karɓa hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Abin tinƙahonsa manhajar sautin da ke cikin kwamfutarsa. "Wannan ta kamfani ce, da lasisinta, da sunana a jiki," yakan ce, yana shafa kwamfutar kamar ragon layya. "Waɗancan na kyauta, da kowa ke buɗe cikinsu ya gyara, ai kwanon gidan biki ne. Kowa da hannunsa a ciki."

A shekarar da aka katse layukan waya a Borno aka ɗauke shi aikin wushe-wushe na bikin auren Gumsu. Shagalin dare ne a al'ada, amma dokar hana fita ta dawo da shi la'asar. Dole amarya ta fito, a yi mata kiɗa, kowa ya kai gida kafin a rufe hanya. Uwarta ta rantse, duk halin da gari ke ciki, ba za a kai 'yarta a shiru ba.

Injiniya ya jera kaya, ya kunna. Manhaja ta ce sai ta gaisa da kamfaninta ta intanet, ta tabbatar shi ne shi. A garin da ko sallama ba ta fita ta waya!

Hajara, yayar amarya, ta matso. "Baba Injiniya, akwai ta kyauta a kwamfutata, ita ba ta neman izinin kowa. A sa mana, rana na tafiya."

"Hajara 'yata, ni ba na aiki da kayan sadaka. Tawa za ta yi a haka. Ta san ni."

Ta kuwa yi. Sai dai bai tsaya karanta gargaɗin da ta rubuto ba: in ba ta ga lasisi ba, takan saki ƙara jefi-jefi don ta tuna wa mai ita. A wata ƙasa tunatarwa ce kawai. Nan kuwa, ko murfin tukunya ya faɗi, ni kaina har yau ƙasa nake nema.

Gumsu na tsakiyar fili, lasifikoki suka ce dum! Kowa ya kwanta, a zaton bam ne. Kujeru a kife, takalma a warwatse, kaskon turare a ƙasa. Kafin a gane ba komai, a tattara yara, lokaci ya ƙure. A guje aka kai amarya, uwarta na share hawaye.

Injiniya kuwa sai a gidan maƙwabta aka tsinto shi, ya haure katanga, yana bayan randa, babu hula. Da aka gaya masa kayansa ne suka yi ƙarar, ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya gyara murya.

"Kun ji ingancin sauti ko? Ta kyauta ba za ta taɓa kwantar da taro guda ba."